Kiɗa da Ƙafar Dama

Keziya ce ke kaɗa kibod a wata ƙaramar majami'a da ke Dogarawa tun kafin a yi wa ginin silin. Da shanyewar ɓarin jiki ta same ta, hannun hagu ya daina motsi, ƙafar hagun ma sai ja. Hannun dama na nan daram, amma kiɗa da hannu ɗaya miya ce ba gishiri: ga waƙar, babu amon ƙasa da ke tallafe ta.

Henry, ɗan yayarta, malamin injiniyanci ne a Samaru. Shi ya haɗa mata wani allon katako mai manyan maɓallai. In ta taka ɗaya da ƙafar dama, sai amon da hannun hagu ya saba bayarwa ya fito ta lasifika. Babu igiya ko ɗaya. Ta iska allon ke aika saƙo zuwa wayar salula, ita kuma ta miƙa wa lasifika. Abin da Henry ya fi alfahari da shi ke nan.

Tun gwajin farko Keziya ta ce, "Yana makara."

"Anti, ƙiftawar ido ce fa. Ba wanda zai lura."

"Ni na lura."

Ranar Lahadi ta zauna gaban mawaƙa. Ta taka, amon ya iso bayan an wuce wurinsa. Ta gwada takawa da wuri, sai hannunta ya bi ƙafar ya yi gaba ya bar mawaƙan a baya. Haka aka ja waƙar da ƙyar har ƙarshe. Sai jama'a suka miƙe da tafi, har da masu guɗa. Shekari, shugaban mawaƙa, wanda a da kuskure kaɗan kan sa ya waiwayo ya harare ta, ya rusuna ya ce, "Madalla, Mama, kin yi ƙoƙari."

Ƙoƙari! A ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Washegari ta sa aka ɗora mata allon a keke napep har Samaru. Ta dangwarar da shi a ƙofar ofishin Henry.

"Cire takalminka ka taka."

"Anti, ina da aji..."

"Ajin zai jira. Taka, ni zan rera."

Ta ɗauko waƙa mai sauri. Bai kai baiti na biyu ba ya rikice, ya tsaya yana kallon ƙafarsa.

"Amma an ce kowa ya ji daɗi jiya," in ji shi a sanyaye.

"Tausayi suka tafa wa, ba kiɗa ba. Ka sa masa igiya."

"Zai yi muni fa."

"Kallonsa za a yi ko saurare?"

Neman irin igiyar ya kai su kasuwar Sabon Gari. Lungunan sun yi mata ƙunci, ga kwata, dole ta zauna cikin keken rana na dukanta, direba na ta tsaki, Henry na shiga wannan shago yana fita wancan. Sai a zuwa na biyu aka dace.

Igiyar ta kawar da makarar. Amma ƙafa ba yatsu ba ce. A waƙoƙi masu nutsuwa tana tafiya daidai, masu sauri kuwa sai jijiyar ƙwaurinta ta ɗaure tun ba a yi nisa ba. Ta yi ta gwadawa a gida har ta haƙura. Da bakinta ta ce wa Shekari ya ba Lovelyn, ɗalibar da ta riƙe kibod lokacin jinyarta, waƙoƙin rawa.

Yanzu Keziya ke buɗe sujada, sannan ta matsa gefen benci. Lovelyn na kaɗawa, ita kuma tana gyara mata da ido, fuska a murtuke. Henry ya ce yana tunanin wani abu da za ta riƙa turawa da gwiwa. Ta ce kada ya kawo mata sai ya kaɗa waƙa guda da shi tukuna.