Rabin Kalmar Kaka Tamae

Tsofaffin Hiroshima ba sa cewa bam ɗin nukiliya. Pikadon suke cewa: pika shi ne hasken, kalmar don kuma ita ce ƙarar da ta biyo baya. Kakata Tamae kaɗai na sani mai tsayawa a pika. Na ɗauka ƙyuyar baki ce irin ta tsufa.

Abin da muka taso muna ji shi ne, ranar da abin ya faru tana 'yar shekara bakwai, tana ƙauyen gwaggonta can bayan duwatsu. Da wannan labarin ta yi aure, a zamanin da iyayen maza ke gudun duk yarinyar da hasken ya taɓa. Sai dai komai zafin gari ba ta sa riga mai gajeren hannu. Na daɗe ina son in tambaye ta inda take ranar. Ni kuwa tambaya nauyi take mini.

Da na gama jami'a na sami aiki a wani kamfani mai harba roka a bakin teku. Ranar da za mu harba ta farko, aka ba kowane ma'aikaci kujera biyu a wurin 'yan kallo. Kawu Shigeo, ƙanin mahaifiyata, ya kawo Kaka a motarsa.

"Ga injiniyarmu marar baki," in ji shi. "Kozue, in kun fara kai fasinja duniyar wata, ni gefen taga nake so."

"Kai da jirgin ruwa ke sa wa amai?" Kaka ta ce. Ta miƙo mini dunƙulen shinkafa. "Ci. Kin koma kamar tsinken cin abinci."

Aka ƙirga har sifili. Haske ya tashi daga bayan tudu, fari fat, ba ko ɗuriyar sauti. Kowa ya ɗaga waya. Da na waiga, Kaka na ƙasa rub da ciki, manyan yatsu a kunne, sauran a kan ido, baki a buɗe, yadda aka koya wa 'yan makaranta lokacin yaƙi. Sai bayan daƙiƙa tara ƙarar ta iso, ta girgiza mana ƙirji.

Muka ɗaga ta zuwa kujera. Kawu ya tafi neman ruwa.

"Ashe haka yake," ta ce a hankali. "Sai an jira shi."

"Me, Kaka?"

"Don ɗin. Ni ban taɓa jin sa ba."

An koya mana a makaranta: ranar da bam ɗin ya faɗo, na nesa su suka ji ƙarar. Na kusa haske kawai suka gani, sai farkawa cikin ɓaraguzai. Yarinyar da ke bayan duwatsu ba za ta rasa jin ƙarar ba.

Ta kama maɓallin hannun rigarta na hagu tana murzawa, idonta a kaina. Jira take yi. Tambayar tana kan harshena, kalma uku kacal: a ina kike?

"Kaka, gwiwarki ta ƙuje," na ce.

Ta ɗan ƙara kallona, sannan ta saki maɓallin.

"Ba komai. Je ki, ga abokan aikinki can suna tafi."

Na tafi.

A watan Fabrairu ta rasu. Da ake sa mata farar rigar ƙarshe muka ga tabon, daga wuyan hannu har kafaɗa, da zanen furannin wani yadi a kwance cikin fatar.

"Ruwan zafi ne," in ji Kawu. "Haka ta gaya mana tun muna yara."

Mama ta gyaɗa kai. Ƙauyen da gwaggon duk babu su yanzu, ba wanda za a tambaya.

Mun harba roka huɗu tun daga nan. Duk sanda hasken ya tashi, abokan aikina sama suke kallo. Ni ƙirga daƙiƙun nan tara nake yi. Sun ishi kalma uku, har da saura.