Bindigar Halfan

Watanni biyu bayan an binne Halfan, ƙanensa Zahran ya bar tuƙin tankar ruwa a birnin Maskat ya dawo ƙauye don ya riƙe gonar dabinonsu. A ɗakin ajiyar dabino ya tsinci bindigar marigayin, yashe a bayan buhuna. 'Yar ƙarama ce, irin wadda ake harbin kurciya da ita, ake kuma fita gasar harbi da ita ranar Babbar Sallah. Ruwan dabino ya ɗiga a kanta ya daskare, tsatsa ta cinye bakin, ƙotar ta tsage.

Ya kai wa Shamsa, matar marigayin da ake kira Ummu Talib, wadda ke tsince shinkafa a tsakar gida.

"Ummu Talib, me ya kai wannan can? Mutumin da ko taɓa ta ba ya bari a yi?"

Shamsa ta ajiye faifan. "Ashe mutanen gari ba su gaya maka ba. Da wane baki za su faɗa, tunda har da su aka yi dariyar."

Sai ta ba shi labari. Ciwon suga ya ci idon Halfan, yana ta ɓoyewa. Mutum ɗaya ya sani, Hamud ɗan Sulayyim, maƙwabcinsu a gona, wanda ke kai shi asibiti a motarsa, wanda kuma ya shekara ashirin yana zuwa na biyu a bayansa a gasa. Ranar Sallah aka ɗora ƙwan da za a harba a kan dutse kamar kullum. Hamud ya je kamar zai gyara wa ƙwan zama, ya dunƙule shi a hannu ya dawo. Halfan ya saita dutsen da babu komai a kai ya harba. Aka yi masa shewar ƙarya, ya ɗaga bindiga sama yana taka rawa. Sannan Hamud ya buɗe tafinsa a gaban surukan Halfan da baƙin ƙauyuka uku.

"Daga ranar bai sake zama a zauren gari ba," in ji Shamsa. "Ko masallaci sai ya bari sahu ya cika yake shiga."

Zahran ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya kwance bindigar gaɓa-gaɓa, ya jera notunan a cikin kofin gahawa don kada su ɓace. Kwana uku ƙarfen yana jiƙe cikin kananzir. Da tsatsar ta yi laushi ya bi ta da tsumma da garin toka, ya ɗaura ƙyalle a waya yana zura shi ta cikin bututun, yana fitowa ja, har ranar da ya fito fari. Ya ɗaga bututun ya leƙa rana ta ciki, ya ga zanen cikinsa da ke juya harsashi bai mutu ba. Ƙotar ya ɗinke ta da gam da zaren tagulla, ya goge, ya shafa mata mai har sau bakwai. Sifirin ɗin kunamar ya karye, sai da ya je garin Nizwa wurin wani tsohon maƙeri. Duk tsawon aikin, fuskar Hamud yake gani a jikin ƙarfen.

Wata rana da hantsi Hamud ya leƙo ta kan katanga, ya kira Zahran da alkunyarsa.

"Abu Muza, gawa ake wa wanka? Ai wannan ta bi mai ita."

"Tana gaishe ka," in ji Zahran, bai ɗago ba. "Ta ce za ku haɗu da Sallah."

Wata huɗu yana fita bayan dutse yana gwada hannu a kan ƙwallon dabino, har kafaɗarsa ta saba.

Ranar gasar, bayan an ci nama an sha gahawa, mutane suka jeru a bakin kwari. Hamud ya fasa ƙwai huɗu cikin biyar. Zahran ya fasa biyar, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya saurari shewar kowa ba. Ya sake ɗura harsashi, ya ɗauki ƙwai ɗaya daga kwandon, ya tako har gaban Hamud.

"Ɗan Sulayyim, an ce kai ka fi dutse iya riƙe ƙwai. Karɓi. Je ka tsaya can ka ɗaga shi."

Hamud ya yi 'yar dariya yana duban mutane, babu wanda ya taya shi.

"Wasa ne fa aka yi, Abu Muza."

"Ni ma wasan nake. Ka ga hannuna, ba ya kuskure. Ko tsoro kake ji?"

Hamud ya karɓi ƙwan, ya yi taku kamar goma. Sai ya waiwayo ya ga bakin bindigar, ya ga idon Zahran. Ƙwan ya suɓuce daga hannunsa ya fashe a kan takalminsa. Wani daga baƙin ya tuntsire, sauran suka bi. Dattawa suka shiga tsakani, amma Hamud ya riga ya kama hanyar gida, bai ko ɗauki bindigarsa ba.

Bayan kwana biyu liman ya zo gona da kwanon alewa, ya ce Hamud ne ya aiko, yana neman a yafe.

"Malam, ni ba abin da ya yi mini," in ji Zahran. "Wanda ya yi wa yana maƙabarta, layi na uku daga ƙofa. Ya je ya roƙe shi."

Liman ya yi nasiha ya gaji, ya koma da kwanonsa.

Kafin dabino ya nuna, Hamud ya bar gonarsa a hannun ɗan 'yar'uwarsa ya koma wurin ɗansa a Sohar. Zahran yana saman bishiya yana ɗaure nonnan dabino lokacin da motar kayan Hamud ta bi ta gefen magudanar ruwa. Ya tsaya ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ya lalubi zuciyarsa ko zai ji tausayi, bai samu ba. Ya gyara igiyar da ke ƙugunsa ya ci gaba da aiki.