Jan Mashin ɗin Ubaidullah

Ranar da Ubaidullah ya shigo Danwarai da sabon mashin, Goggo Safiya, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, ta zagaya shi tana kallo. Ja ne, mara nauyi, da hannu ɗaya ya tura shi cikin zaure. Kujerarsa siririya, bayanta a ɗage, ba inda za a ɗaura ko rabin buhun albasa.

"Wanga mi zai ɗauko maka daga gona?" ta tambaye shi.

"Ba na kaya ba ne, Goggo. Giya shida gare shi, bai shan mai, birkinshi ko taɓawa ɗaya. Kafin dillalan Aliero su watse na isa."

Amma ta lura duk Juma'a bayan la'asar yakan ɓace, kuma ba hanyar Aliero yake bi ba. Gefen tayoyin ya cinye alhali tsakiyarsu sabuwa. Wata rana ta tsinci wandonsa a bayan rumbu, gwiwar ta yage, da busasshen jini. Ta tambaye shi, ya ce ƙaya ce ta kama shi a gona, bai kuwa kalle ta ba.

Juma'ar da ta biyo ta ce za ta Jega gaisuwar mara lafiya. Daga can ta hau motar Maiyama, hanyar da ta ji an ce yana bi. Bayan gari kaɗan ta hango taron samari a bakin kwalta, ta ce direba ya sauke ta. Mashina uku suka taho a jere da ƙara kamar za su tsage. Jan ne a gaba, mai shi ya kwanta a kan tanki, ya karya kwana gwiwarsa na neman taɓa ƙasa.

Da Ubaidullah ya dawo ana yi masa tafi, ya same ta tsaye cikin mayafinta. Samarin suka ja da baya.

"Goggo..."

"Kai ni gida."

Ta hau da ƙyar, ta riƙe rigarsa. Har Danwarai bai wuce giya ta biyu ba, masu keke na wuce su. A ƙofar gida ta sauka ta miƙa hannu, ya zare makullin ya ba ta. Ta ɗaure shi a bakin zanenta, ta shiga ɗora tuwo.