Lambar da ke hannun Baba Fagbohun

Sai da muka ɓamɓare yatsunsa kafin takardar ta fito. A kan bencin ƙofar gidansa aka same shi da la'asar, ya riga ya cika, a zaune, takalmansa a ɗaure, hularsa daidai. Kan yatsunsa baƙi ƙirin, kamar wanda ya tona murhu.

Mama Ojuolape, matarsa, ta karɓi takardar ta juya ta. Haruffa biyu ne da lambobi.

"Caca ya fara da tsufansa?" in ji ta. "Kolapo, kai da ka yi karatun Turai, duba mini. Ina mutumin nan ya je tun safe? Ce mini ya yi aski za shi. Ga gashin nan a kansa."

Na duba. Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi: lambar littafi ce a kantar ɗakin karatu.

Wata biyar ke nan da dawowata Ibadan. Wani kamfanin sabulu ya ɗauke ni gwaji, ya ce in rubuto masa yadda matan kasuwar Dugbe ke sarin kaya, da yadda abin ya sauya tun zamanin iyayensu. In rahoton bai tsaya da ƙafarsa ba, aikin ya tafi. Na yi mako biyu ina tonon intanet. Alƙaluman Landan da na Indiya sun cika mini fuska, na Dugbe babu.

Baba Fagbohun maƙwabcinmu ne, shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a ɗakin karatu kafin ya yi ritaya. Ranar Litinin ya leƙo ta taga ya gan ni a gaban kwamfuta. Tokumbo yake ce mini, wato wanda ya dawo daga ƙetare.

"Tokumbo, akwatin naka bai haihu ba?"

"Baba, abin da babu shi a nan, babu shi ke nan."

Ya yi dariya har da tari. "Wata ɗaliba ta ƙirga matan nan rumfa rumfa, tun ubanka na yawo ba wando. Littafin da ta rubuta yana ɗakin karatunmu, hawa na huɗu."

"To ba ni lambar."

"Ban taɓa tura mutum kanta ba sai na taɓa littafin da hannuna. Littafi na tashi daga mazauninsa."

Likita ya hana shi hawa bene tun bara. Duk layin an sani. Ni ma na sani, na ce masa to, na koma kan akwatina.

Aka binne shi ranar Laraba. Kwana takwas muna ɗaukar kujeru, muna raba amala, kullum Mama na tambayar masu gaisuwa ko wani ya gan shi ranar. Babu wanda ya gan shi. Washegarin addu'ar takwas na ɗauki takardar na tafi.

Babu wuta a ɗakin karatun. Wata ma'aikaciya mai furfura ta ɗago kai tun kafin in yi magana.

"Kai ne Kolapo? Ogammu ya ce yau za ka zo."

"Yaushe ya ce?"

"Talatar makon jiya. Na ce ya zauna in hau in duba masa, ya ce da can ni nake hau masa? Sau uku ya huta a bene." Ta miƙo mini mabuɗi. "Na ce me zai hana yaron ya zo gobe. Ya ce ba za ka samu dama ba, akwai rasuwa a layinku, sai an yi addu'ar takwas. Allah ya ji ƙai. Wa ya rasu?"

Na karɓi mabuɗin na nufi bene.

Hawa na huɗu shiru, sai warin tsohuwar takarda. Sawun takalmi ɗaya ne a cikin ƙurar ƙasa, ya shiga layi na shida ya fito. Na bi shi. Duk littattafan a tsaye suke, ban da ɗaya da aka kwantar, bakinsa ya ɗan leƙo waje. An soka ƙaramar takarda a ciki: "Tokumbo. Shafi na 88. Ka mayar da shi inda ka same shi." A bangon littafin, cikin baƙar ƙura, akwai shatin yatsu huɗu.

Duk abin da nake nema yana ciki. Na kwafa har la'asar, na mayar da shi a tsaye.

Da na iso gida, Mama na zaune a kan bencin.

"Mama, ba aski ya je ba," na ce. "Ni ya je wa ɗakin karatu. Hawa na huɗu."

Ba ta kalli fuskata ba. Hannuna ta kalla, kan yatsun baƙi ƙirin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tashi ta shiga ciki, ta fito da buta da ɗan kwanon da ta wanke wa Baba hannu a ciki, ta ajiye su a kan bencin, a gefen da yake zama.