Lomar Farko ta Damisa

Christiana ce ta fara shigo da zailitol gidan mahaifinta, Baba Yona, a unguwar Shango, ranar Kirsimetin shekarar da likita ya raba shi da sukari. Farin gari ne mai zaƙi da masu ciwon suga ke amfani da shi, kuma da shi ta soya masa cincin.

Shi kuwa dattijon yana da ƙa'idar da ya gada daga mahaifinsa, maharbi a dajin Zungeru: ba ya kai abinci baki sai ya jefa wa karensa lomar farko. Tun rasuwar matarsa ba shi da abokin zama sai Damisa, tsohon kare mai furfura a baki, wanda yakan raka shi har ƙofar coci, ya kwanta ya jira a tashi.

"Baba, kada ku ci da yawa," in ji Christiana. "An ce yana sa gudawa."

"Uwata, cikin da ya sha ruwan Kogin Kaduna bai motsa ba, cincin ɗinki ne zai kayar da shi?"

Ta yi dariya ta koma madafa. Ya jefa wa Damisa na farko, sa'an nan ya cika hannu ya ƙara masa, ya kuma ƙarawa. A ganinsa, abin da aka yi domin marar lafiya ba zai cuci tsohon kare ba.

Kafin la'asar Damisa ya yi amai, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Baba Yona ya rungume shi a cikin keke napep, Christiana na gefe, har Bosso wurin likitan dabbobi. Likitan ya tambayi abin da karen ya ci, ya karanta ledar farin garin da Christiana ta miƙa masa.

"Baba, ga mutum ba laifi idan bai zarce ba. Ga kare kuwa guba ce. Tana kayar da sukarin jininsa, ta lalata hanta."

"Ɗana, yi abin da za ka iya. Shi kaɗai yake jirana a ƙofa."

An sa wa Damisa ƙarin ruwa, amma washegari da hantsi ya mutu. Aka binne shi a gindin mangwaron tsakar gida.

Abin da aka samu shi ne sukarin jinin Baba Yona ya daidaita, maƙwabta masu karnuka kuma sun ji labari sun yi hattara. Abin da ya rage wa dattijon kuwa kwanon Damisa ne, da ƙa'idar maharbin Zungeru. Har yau dattijon yakan gutsuri lomar farko, ya dubi ƙofa, sa'an nan ya ajiye ta a gefen faranti.