Sirdin Astajam

Tun da yayana Hamma Sali ya faɗi a sukuwa ya karya ƙugu, bai sake hawa doki ba. Abin da ya rage masa shi ne kujerar ƙofar barga, a gidanmu na Mindif, da bakin koyarwa. 'Ya'yansa biyu yake kira, Bakari da Astajam. Bakari ba ya zuwa sai an ɗaura sirdi. Astajam kuwa kullum tana nan.

"Ta kafaɗa ake tunkarar doki, ana yi masa magana," in ji shi. "Wa ya taɓa shiga ɗakinki ta baya ba sallama?"

"Bakari," ta ce.

"Shi ya sa kika harbe shi."

Ta iya ɗaga kofato ta cire tsakuwa, ta iya ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya idan wutar korar ƙuda ta kama ciyawa. Daga motsin kunnen Kili, dokin gidan, takan san ransa ya ɓaci. Ta san ba a ba shi ruwa da gumi a jiki, ta san gyauron dawa, wannan tohon da ke fitowa bayan girbi, guba ne. Hawa kaɗai ba a koya mata ba, wai mace ba ta hawa doki. Na yi shekaru ina koyarwa a Marwa, ban ga littafin da ya faɗi haka ba, na addini ko na boko.

Da Bakari ya yi aure zai koma Bogo, Hamma ya ce ya tafi da Kili.

"Hamma, ka bar dokin ga mai kula da shi," na ce.

"Doki na mahayi ne, Dija."

"To abinci ma na maciyi ne, a kori mai dafawa."

"Bokonki ne ke damunki."

Astajam ba ta yi gardama ba. Ta riƙe ragama har ƙofar gida, tana ta lissafa wa yayanta: dusa da safe, kanwa kaɗan, a duba kaska a ƙarƙashin wutsiya.

"Na ji, malama," ya ce yana dariya. "Ki rubuto mini sauran."

Bakari yana son dokin nan, kada a yi masa ƙarya. Son ne ma ya sa da ya ga wata gona ta yi kore shar bayan girbi, ko'ina kuma ya bushe, ya kafa turke a tsakiyarta don Kili ya more. Kafin la'asar dokin yana kwance yana haki. Aka ɗauko Astajam a babur. Ta iske ba sauran abin yi, sai ta zauna ta ɗora kansa a cinya tana yi masa magana har ya daina motsi.

Bakari ya dawo da sirdi da linzami a ka, ya ajiye gaban mahaifinsa.

"Baba, ban sani ba."

"Na faɗa a ƙofar bargar nan."

"Ba na wurin."

"Na sani. Ni na ce a ƙyale ka, kai mahayi ne."

Hamma ya daɗe yana kallon kayan, sannan ya tura su gaban Astajam da sandarsa.

"Naki ne."

Ta durƙusa ta karɓa, don tana da ladabi. Ta juya linzamin a hannunta.

"Baba, ta ina ake sa shi?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya dubi turken da ba doki, ya fasa.