Ranar da Nermin Ta Ƙi Cewa Hadir

A kamfaninmu da ke unguwar Ma'adi, babu kalmar da ta fi zama a bakinmu kamar ta Larabcin nan, "hadir". Da ita aka raine mu duka. Babba ya ce a yi abu, sai ka ce hadir, wato an gama. Ko zai yiwu ko ba zai yiwu ba, wannan sai daga baya a gani.

Sana'armu rubuta wa mutanen wasu ƙasashe manhaja. Ni ne shugaban masu gwaji, kuma da yake makaranta na fara koyarwa kafin in zo nan, har yanzu Ustaz Fikri suke ce mini. Duk sabon da aka ɗauka nakan zaunar da shi in nuna masa yadda aiki yake tafiya. Da farko a saurari wanda ya kawo aikin har a gane abin da yake so, a amince a kai. Sai a zana, sannan a gina kashi-kashi ana nuna masa. Bayan nan aikin ya shigo ɗakina, mu bi shi da mugunta muna neman inda zai karye. Sai ya tsira daga hannunmu ake miƙa shi, a ci gaba da kula da shi.

A wannan shekarar mun sami kwangila daga wani mai shagunan magani a Kuwait, ana kiransa Abu Mish'al. Manhaja yake so wadda mutum zai aika takardar likita ta waya, a kawo masa magani har gida. Mai kamfaninmu, Injiniya Ra'afat, wanda kowa ke kira Basha, ya ɗora Nermin Shukri a kan aikin. Shi ne aiki na farko da ta taɓa shugabanta, bayan shekaru tana jira.

Sauraro ya tafi daidai, zane ma haka. A wurin gini ne abin ya fara lalacewa. Abu Mish'al mutum ne mai fara'a, kuma duk abin da ya gani a wayar 'ya'yansa sai ya so shi. Ba Nermin yake kira ba, Basha yake kira kai tsaye. Yau a canja launi, gobe a sa manhajar ta riƙa magana. Ta bangon ofis muna jin Basha: "Hadir, ranka ya daɗe. Hadir." Ranar miƙa aiki kuwa tana nan inda take, kafin Babbar Sallah. Duk ƙarin da aka yi, daga lokacin gwaji ake yanko masa wuri.

Girgis, babban mai rubutun manhajarmu, ya leƙo ɗakina wata rana da kwanon abincinsa na kushari a hannu.

"Ustaz, ka fara neman makarantar da za ka koma. An cinye rabonka, saura ƙashi."

"Kai da kake zuba mini ɓarna, in na tafi wa zai rufa maka asiri?"

"Basha mana. Zai ce wa ɓarnar hadir, ta gyara kanta."

Muka yi dariya, amma Nermin da ke tsaye bakin ƙofa ba ta yi ba. Ta ce an sake kira: yanzu Abu Mish'al yana son a riƙa tara wa masu saye maki, su karɓi kyauta. Basha ya riga ya amsa.

"Ustaz, in muka yi wannan, me zai rage maka?"

"Abin da zai ishe ni in buɗe manhajar in ce mata sannu."

"Wajen da ke haɗa takardar likita da sunan mai ita fa?"

"Ban taɓa shi ba tukuna, 'yata."

Ta tafi ofishin Basha, na bi ta. Ta yi masa bayani a natse: maganin wani zai iya zuwa gidan wani. Basha ba mugu ba ne, tsoro yake kada kwangilar ta kuɓuce.

"Nermin, baƙo ne, kuma babba ne. Ba a kunyata irinsa. Mu ce hadir, in lokaci ya yi Allah zai kawo mafita."

"Basha, lokacin ya yi ai."

"To ki ji da kyau. Gobe akwai taron nuna aiki. Duk wanda ya ce wa Abu Mish'al a'a, ya sauka daga wannan aikin. Ban ware kowa ba."

Washegari da hantsi muka taru, Abu Mish'al ya bayyana a babban allon bango da carbinsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali. Nermin ta nuna abin da aka gina, ya yaba. Sannan ya ce, "Maganar makin nan fa, Injiniya? Kafin Sallah, ko?"

Basha ya buɗe baki, ta riga shi.

"A'a, ranka ya daɗe. Ba zai yiwu kafin Sallah ba."

Girgis ya sunkuyar da kai kamar ya yar da wani abu a ƙasa. Carbin Abu Mish'al ya tsaya.

"Ra'afat ya ce mini hadir."

"Ya faɗa don girmama ka. Ni kuma aikin aka ba ni. In kana son makin kafin Sallah, sai a fasa gwaji, kuma ba zan miƙa manhajar magani ba a gwada ba. In kana son gwaji, makin ya jira bayan Sallah. Ɗaya za ka zaɓa, ba ni da na uku."

"Yarinya, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Da mutumin da sunansa zai kasance a jikin kowace ledar magani."

Allon ya yi baƙi. Basha ya miƙe, fuskarsa ta yi ja, ya ce mata ta kwashe kayanta daga teburin shugaba. Ba ta yi musu ba. Ta turo kujerarta har ɗakina, ta zauna kusa da taga.

"Ustaz, ba ni abin da zan karya a manhajar."

Saƙon Abu Mish'al ya iso bayan hutun Juma'a. A bar makin sai bayan Sallah, a yi gwajin yadda ya kamata. Amma kada ya sake ganin wannan matar a taro.

Muka yi gwajinmu a tsanake, Nermin tana cikinmu. Muka sami kurakuran da muka samu, Girgis yana gyarawa yana ƙunƙuni wai mun haɗa masa kai. Aka miƙa aiki ana saura kaɗan Sallah. A taron miƙawa aka yanka kek ɗin basbusa, aka kira sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, ba a kira nata ba. Tana ɗakina tana shan shayi.

Da aka dawo daga hutu aka shiga matakin kulawa, ga kuma makin nan yana jira. Basha ya shigo ɗakin gwaji da kansa, abin da bai saba ba. Ya tsaya yana juya makullin motarsa.

"Nermin, na yi magana da Abu Mish'al. Ya huce. Ki kira shi ki ba shi haƙuri, kalma biyu kawai, ki koma kujerarki yau ɗin nan."

Na san yadda take son kujerar nan. Na ga hannunta ya matse kofin shayin.

"In ce masa me, Basha? Na yi kuskure?"

"Ki ce duk abin da ake cewa. Baki ne kawai."

"Da bakin aka kusa cinye gwajin. In na koma, wani ƙarin zai kawo, kuma abin da na faɗa masa shi zan sake faɗa. In ya yarda da haka, ga ni. Haƙuri kuwa, a'a."

Basha ya dube ni kamar in sa baki. Na gyara tabarau na ce, "Ni dai tana yi mini aiki mai kyau a nan."

Ya fita ya ja ƙofa. Nermin ta ajiye kofin, ta jawo kwamfutarta.

"Ustaz, kira mini Girgis. Wajen adireshin kai magani da ya ce ya gyara, na sake karya shi."